Katin da Aka Hana Shiga

2 ga Disamba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu. Ina fata kana lafiya, kuma ciwon bayan nan bai tashi ba. Kana samun barci? Abincin yana shiga? Ni da Gwaggo muna nan ƙalau, sai godiyar Ubangiji.

Baba, wannan ita ce wasiƙata ta bakwai. Ba ƙorafi nake yi ba, ƙirgawa kawai nake yi. Gwaggo ta ce wataƙila ba a ba ku biro a can. Ni kuma na ce a raina ko gidan waya ne suke jinkiri. Ko ma mene ne, zan ci gaba da rubutowa.

Shagon Gwaggo ya cika maƙil da ɗinkin Kirsimeti. Yadduka har kan bencin baƙi, wanda ya zo sai ya tsaya a tsaye. Aikina ɗinka maɓalli, da guga, da share ƙyallaye. Wurin zamana yana bayan labule, kusa da teburin guga. Ina jin muryoyin masu kawo ɗinki amma ba na ganin fuskokinsu, kuma hakan ya fi mini. Ka san halina, ba a banza ka sa mini Kunkuru ba. Jiya wata ta ɗaga labulen tana neman madubi, ta zabura ta ce, au, ashe da mutum a nan. Gwaggo ta ce da mutum mana, sai dai batirinta ya yi sanyi, sai an jijjiga take magana. Suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma bayan sun tafi.

Maganar makaranta kuwa, Gwaggo ta ce a bari sai shekara mai zuwa. Da safe in na je ɗebo ruwa ina hango 'yan ajinmu na firamare da sabon yunifom. Sai in tsaya gyaran hannun bokiti har su wuce. Ba su yi mini komai ba. Tambaya ce ba na so.

Ga abin da ya sa na rubuto yau. Jiya Malamarmu ta makarantar Lahadi ta zo da kwalaye da gam da almakashi guda biyu da ƙyalƙyali a cikin kwalba. Ta ce kowa ya haɗa katin Kirsimeti da hannunsa, da hoton haihuwar Yesu a jiki. Ranar Kirsimeti bayan wa'azi za a kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙa wa babansa ko mamarsa a gaban jama'a. Tana cikin bayani sai ta tuna da ni. Na ga lokacin da ta tuna, domin bakinta ya tsaya a buɗe. Sai ta sassauta murya irin yadda ake yi wa mara lafiya, ta ce ni sai in yi wa Gwaggona. Duk ajin suka juyo. Baba, da shiru ta yi da ya fi mini sauƙi.

A raina na ce, Mama dai tana wurin Ubangiji, wannan kowa ya sani. Ubana kuwa yana nan da ransa. Don me zan tsallake shi?

Ban yanka komai a ajin ba. Almakashin yana ta yawo hannu zuwa hannu, sai wanda ya ɗaga murya yake samu. Na jira har aka tashi. Ba damuwa, gidan tela nake, almakashi har huɗu ne a shago, ƙyallaye kuwa ni nake zubar da su. Zan yi maka naka a gida, kuma ina so ya iso hannunka kafin ranar. Ban taɓa ba ka abin da na yi da hannuna ba, sai shayin nan da na taɓa haɗa maka da gishiri, ka shanye ba ka faɗa ba.

Ubangiji ya tsare mini kai.

'Yarka,
Kunkuru

10 ga Disamba

Babana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya haƙuri? Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Muna lafiya, sai gajiyar aiki.

Na fara katin. Kwalin da na samu na cikin sabuwar riga ne, wanda ake sakawa don kada ta lanƙwashe. Fari ne tas, na ninka shi biyu na danne da dutsen guga. Rufin ɗakin dabbobin da tsinken tsintsiya na yi shi. Ciyawar komin kuwa zare ne ruwan ɗorawa, na yayyanka na baza. Ina yin aikin da rana in Gwaggo ta fita cin abinci, ina ɓoye shi a ƙarƙashin bargon guga.

Fuskoki ne suka gagare ni. Sau uku ina zana Yusufu, duk sai ya fito kamar wanda aka ɗura wa magani mai ɗaci. Daga baya na haƙura, na yanka ƙyalle zagaye na manna, ba ido ba baki. Da na nisanta shi na duba, sai na ga kamar duk sun sunkuyar da kai ne suna kallon jaririn. Ashe ma hakan ya fi. Jariri Yesu da farin yadin shafin riga na naɗe shi, na cusa auduga kaɗan don ya tasa. Akwai tunkiya ɗaya ita ma ta auduga. Ta fi kama da kare, amma ka ɗauke ta a tunkiya.

Yanzu ga laifin da na yi. Maryamu tana bukatar shuɗi, kuma duk kwandon ƙyallaye ba shuɗi mai kyau. Ranar Alhamis ina shara sai na ga wani shuɗin ƙyalle a ƙarƙashin keken ɗinki, mai taushi, yana sheƙi. A ƙasa yake, Baba, kuma dokar shago ita ce abin da yake ƙasa nawa ne. Na yanka mata mayafi da riga, suka zauna ɗas.

Ashe wuyan rigar matar mai kemis ne ya zame ya faɗi. Kuma yadin daga tafiya ta zo da shi, babu irinsa a kasuwa. Gwaggo ta birkita shago kaf tana nema, har cikin kwandon shara. Ina tsaye ina kallo kawai. Da ta ɗaga bargon guga sai ga Maryamu sanye da wuyan rigar mutane.

Ta yi faɗa sosai. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ɓarawon da ya yi sata don ya yi wa Uwar Ubangiji ɗinki ba. Wannan bai dame ni ba. Amma a ƙarshe ta ce ni da ubana duk jirgi ɗaya, ba ma dubawa kafin mu danna. Tana faɗa sai ta juya baya. Ta koma kan keke ta yi ta taka shi, alhali ba komai a ƙarƙashin allurar.

Baba, ni na san ka duba. Ina bencin baya a kotu ranar da ka ce ka taka birkin motar ya tafi ƙasa kamar ba a ɗaura shi ba. Na ji alƙali ya ce shekara uku. Na ga matar mutumin da ya rasu a haɗarin, har yanzu ina sa ta a addu'a, ban sani ba ko kana so ka ji haka. Ita ma Gwaggo ta san ka duba. Bakinta ne ya fi zuciyarta gudu.

Ka san yadda aka ƙare? Ta canza wuyan rigar, ta yi shi da baƙin leshi. Da matar ta zo ta tsuke fuska, Gwaggo ta ce ai wannan shi ne yayin bana, ita ce ma ta fara samu a duk layin. Matar ta yi ta juyi a gaban madubi. Kafin yamma mutum biyu sun ce irinsa suke so.

Washegari na tarar da wata 'yar takarda mai ƙyalli ruwan zinariya a kan teburin guga, irin ta cikin kwalin turare, an goge ta ta miƙe. Da ita na yanka tauraron.

Ka huta lafiya. Ina tuna ka kullum.

Taka,
Kunkuru

16 ga Disamba

Baba,

Barka da war haka. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke. Gwaggo tana gaishe ka. Ba ta ce in rubuta ba, amma da ta ga ina rubutu ta ce, ɗan'uwan nan nawa ko yana shan maganinsa. Ni a wurina gaisuwa ce.

Na gama katin. Na yi masa ɗinkin hannu a gefe da jan zare, layi ɗaya ya ɗan karkace wajen kusurwa. A ciki na rubuta da biro: Barka da Kirsimeti Babana. Shi ma an haife shi a inda ba wanda yake so ya kwana, kuma Allah yana wurin. Na daɗe ina tunanin ko in goge wannan, kada ya sa ka baƙin ciki. Na bar shi.

Matsalar ita ce aikawa. Ya yi kauri, ya ƙi shiga ambulan. Na ɗinka masa jaka da takardar da ake yanka samfurin riga. Gwaggo ta ɗaga ta auna a hannu, ta ce in na jefa wannan a akwatin gidan waya, kafin ya isa jaririn ya zama faifai, tsinkayen kuma su huda wasiƙun mutane. Ta ce kuma yanzu lokacin cunkoso ne, sai ya kai sabuwar shekara a hanya.

Na roƙe ta ta kai maka. Ta nuna mini tulin yaddukan da ke kan benci, ta ce in ta rufe shago yini guda a wannan makon, matan unguwa za su ɗinke ta da ranta. Gaskiya ta faɗa. Ƙafafunta ma sun kumbura saboda keke.

Don haka ni zan kawo. Na ji ana karɓar saƙo a tagar bakin ƙofar inda kake ranar Alhamis daga safe zuwa sha biyu. Kada ranka ya ɓaci. Na ji abin da ka gaya wa Gwaggo ranar da za a tafi da kai, ka ce kada ta kuskura ta kawo ni in gan ka a haka. Ban manta ba. Ba zan ce ina son ganinka ba, ko da yake ina so. Taga kawai zan je in miƙa in juyo.

Da na gaya wa Gwaggo, ba ta ɗago daga ɗinki ba. Ta ce ita ba ta aike ni ba, ba ta kuma hana ni ba. Can sai ta ce mota biyu ce, in sauka a ta farko wajen gidan mai, in tsallaka, in hau ta biyu har ƙarshen layi. Ta ce in sa takalmi mai rufi, kuma in an tambaye ni abu in buɗe baki, don a can ba a karanta goshi.

Wannan ɗin ne yake tsorata ni, ba hanyar ba. Na haddace lambarka. Na shirya maganar da zan faɗa, gajera ce: ina kwana, na kawo wa babana saƙo, ga sunansa ga lambarsa. In Gwaggo ta fita ina tsayawa gaban madubin shago ina gwadawa. Ko a gaban madubin ma muryata rawa take yi.

Ka sa ni a addu'a ranar Alhamis, ko da wannan ba ta iso ba kafin nan.

'Yarka mai ƙaunarka,
Kunkuru

20 ga Disamba

Babana na kaina,

Ina gaisuwa. Ina fata ka tashi lafiya. Na dawo gida lafiya jiya, kada ka damu. Amma akwai abin da ya kamata ka sani game da abin da za a miƙo maka, don kada ka ɗauka haka na yi shi.

Na isa da wuri, duk da haka na tarar da layi a jikin katanga. Kusan duk mata ne, da ledoji da kwanduna. Sun san juna, suna ta hira da tsokana kamar a bakin famfo. Wata tana cewa mijinta ya yi ƙiba a ciki, ita ce ta rame a waje, a yi musanya. Ban san ana dariya a wurin ba. A gabana wata tsohuwa ce da ta kawo wa ɗanta sabulu da silifa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, jikata, yau ne farkonki ko? Na ɗaga kai. Ta ce ai an gani, sababbi ne suke yin kwalliya.

Na yi ta kallon katangar ina neman ko da taga ɗaya da zan ce nan ne wajenka. Babu taga ta wannan ɓangaren.

Da layi ya zo kaina, wata ma'aikaciya ce mai tabarau a bayan ragar wayar da ke tagar. Na faɗi maganata. Ta ce me? Na sake. Ta ce yarinya, ni ba kunnen zomo gare ni ba. A karo na uku ta fita da ƙarfi har na baya suka ji, lambarka da komai. Ta buɗe jakar, ta zaro katin, ta juya shi gaba da baya. Sai ta sa farce a ƙarƙashin rigar Yusufu ta ɗaga. Ji na yi kamar fatata take ɗagawa.

Ta ce ba zai shiga ba. Duk abin da aka manna da gam ba ya shiga, domin mutane suna ɓoye abubuwa a tsakani. Tsinke ba ya shiga, zare ba ya shiga, auduga da takarda mai ƙyalli ba sa shiga, kwalin kansa ma ba ya shiga. Takarda zalla kawai, falle ɗaya. Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar dai mai karanta jerin kayan cefane. Ta turo mini shi ta ƙarƙashin waya ta ce na gaba.

Baba, duk abin da ta lissafa, shi ne katin. In an cire su ba abin da ya rage. Mako biyu ina yi, ban taɓa tunanin in tambaya ba. Wa ma zan tambaya?

Na koma gefe na tsaya. Na so in ce mata ba abin da na ɓoye, auduga ce kawai, ta farke ta gani. Hawaye suka fara ɗiga a kan jakar takardar, na juya wa mutane baya.

Tsohuwar nan ce ta dafa ni. Ta ce share, share, wannan tagar ba wanda ba ta sa kuka ba, ita har cokali an taɓa mayar mata. Ta karɓi katin ta duba da nisa saboda idonta. Ta ce kai, wannan karen ya yi kyau. Sai ta nuna mini wani ɗan shago a tsallaken titi, ta ce in je a yi mini fotokofi, hoto ai takarda ce zalla. Ta ce in yi sauri, sha biyu saura kaɗan, kuma mai tabarau ba ta ƙara ko minti ɗaya ko uwarta ce a layi.

Na ruga. Mai shagon ya kifa katin a kan gilashi, haske ya wuce, takarda ta fito da ɗumi. Maryamu baƙa ƙirin. Yusufu baƙi. Tauraron da ya fi komai haske ya fito kamar an ƙona shi. Jaririn da tunkiyar ne kaɗai suka fito fari. Na ce masa a hankali ko akwai gyara. Ya ce ƙanwata, wannan injin tsoho ne, duniya baƙi da fari yake ganinta, kamar kakana.

Ba lokacin kuka na biyu. Na ari bironsa, na jingina a kan kanta, na ja kibiya daga kowane abu na rubuta launinsa a filin da ya rage fari. Mayafin Maryamu, shuɗi mai sheƙi. Rigar Yusufu, ruwan ƙasa. Ciyawa, ruwan ɗorawa. Ɗinkin gefe, ja. Tauraro, ruwan zinariya, yana walƙiya in an juya shi. Wajen tunkiyar na rubuta, tunkiya ce. Saƙon ciki kuma na sake rubuta shi a bayan takardar. Cikin sauri na yi, ka yi haƙuri da rubutun.

Na iso tana shirin jawo ƙyauren tagar. Wannan karon ban jira ta ce me ba. Ta karɓa, ta gyara tabarau, ta bi kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe fiye da yadda ake bukata. Ta ce to, wannan kam takarda ce. Ta buga hatimi, ya sauka a kan rufin ɗakin, ta jefa a kwando. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko za ta same ka kafin Kirsimeti. Ta ce sai an gama tantancewa, kuma kwandon ya cika. Ta rufe.

Na dawo da na ainihin a cinyata, mota biyu. Rigar Yusufu ta ɗago a gefe, na mayar da yawu amma ta ƙi zama. Gwaggo ta ga jakar a hannuna ba ta tambaye ni komai ba, ta ce abincina yana rufe.

Ka yafe mini, abin da na iya ke nan.

Taka har kullum,
Kunkuru

4 ga Janairu

Baba! Babana,

Barka da sabuwar shekara. Ubangiji ya sa mu ga ƙarshenta lafiya, ya kuma rage mana kwanakin rabuwa. Yaya bayan? Muna lafiya, shago ya yi shiru, Gwaggo tana ta ramuwar barci.

Bari in fara da ranar Kirsimeti, don in na fara da ɗayan ba zan iya komawa ba. An kira yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙa katinsa, iyaye suna rungume su ana tafi. Nawa yana cikin jakata. Malama ta dubo ni daga gaba, na girgiza kai. Gwaggo ta matso kunnena ta ce zauna abinki, mai shi bai zo ba, ajiya ba laifi ba ce. Da muka koma gida ta ci abinci ta kwanta da kayan cocinta. Na wanke kwanuka, na zauna a bakin ƙofa ina jin kiɗan maƙwabta. Duk yinin tunanina ɗaya, ko takardar tana hannunka ko tana ƙasan kwando.

Jiya da hantsi mai kawo wasiƙu ya tsaya a ƙofar shago ya kira sunana. Ba a taɓa kiran sunana daga titi ba. Ina ganin rubutun bayan ambulan na gane, yadda kake kwantar da haruffa kamar iska tana tura su. Na shige bayan labule. Gwaggo ta tsayar da keke, ba ta shigo ba.

Layi biyar ne, na karanta har na haddace. Ka ce takardar hoton ta same ka ranar ashirin da bakwai. Ba komai, Baba, ta dai iso. Ka ce sauran wasiƙun ma duk suna wurinka, kullum kana ɗaukar biro kana ajiyewa. Ba sai ka yi bayani ba. Ka ce mutanen ɗakinku sun yi gardama a kan tunkiyar duk da na rubuta.

Sai tambayarka. Ka ce akwai abubuwa uku dogaye a gefen dama, can bakin takardar inda ya yi baƙi, kamar mutane sun leƙo kai suna shirin shigowa. Ka ce ko masu hikimar nan uku ne da suka biyo tauraro, kuma don me ban rubuta launinsu ba.

Baba, ban yi masu hikima ba, wuri bai isa ba. Yatsuna ne.

Katin ya yi kauri, murfin injin ya ƙi rufuwa, yana ta buɗewa. Mai shagon ya ce in danne shi da hannu kada ya motsa. Yatsuna uku suka zarce bakin kwalin suka hau gilashi. Na gan su tun a shagon, kunya ta kama ni, har farcen da nake ci ya fito. Ba lokacin sakewa, sai na ce a raina wataƙila ba za ka lura ba.

Launinsu kuwa ka san shi, irin naka ne. Na tsakiyan akwai ɗan tabon guga, ya warke.

Na tambayi Gwaggo ko injin yana ƙara wa abu girma. Ta ce a'a, yadda aka ɗora haka yake fitarwa, in ba an taɓa shi ba. To ka ga girman da suka yi ke nan tun tafiyarka. Na san ka ce kada a kawo ni, kuma ban shiga ba. Su ne suka shiga ba da izinina ba. Tunda sun riga sun shiga, ka ɗora naka a kai ka gani ko sun kusa kamo ka.

Ka rubuto ka gaya mini. Ko layi ɗaya ne ya isa.

'Yarka,
Kunkuru